Kabarin Damina Biyu

Dhaka, tsakiyar damina

Zuwa ga Jobeda Bubu, a Shimultola.

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da 'yarki Moyna, da fatan ruwan bana bai shigar muku ɗaki ba. Ni ne Tofazzal ɗan Hatem, jikan ƙanen kakanki. Na san rabonki da ni tun ina yawo ba wando, shi ya sa na faɗi asalina. Mu nan lafiya lau, in ban da tarin da na kwaso a majemar fata, wanda ya ƙi rabuwa da ni. Matata Rokeya tana gaishe ki.

Bubu, yayata, sai haƙuri. Allah ya yi wa mahaifinki, Baffa Sobhan, rasuwa ranar Laraba da hantsi, a ɗakinmu. Zazzaɓi ne ya kama shi bayan ya yini yana fito da mutane a kogin Buriganga cikin ruwan sama. Bai daɗe a kwance ba. Da kalmar shahada ya cika, kafin ita kuma tambayarsa ɗaya ce, wai an ɗaure kwalekwalensa da kyau?

Ambaliya ta ci garin nan. A unguwarmu ruwa ya kai ƙugu, manyan jiragen ruwa sun daina tashi daga tashar Sadarghat zuwa wajenku. A kan rufin gida muka yi masa wanka, muka sa shi a kwalekwalensa, muka bi titi muna tuƙi har maƙabartar tsohon gari, wadda ke kan tudu. An yi masa salla da jama'a daidai gwargwado. Na kewaye kabarin da gora, na kafa ɗan guntun kwanon rufi da sunansa.

Akwai abin da ya kamata ki sani tun yanzu. Kabari a nan ba na dindindin ba ne. In mutum ya yi damina biyu, sai a buɗe wurin a sa wani. Ki yi ƙoƙari ki zo kafin lokacin ki tsaya masa. Mata daga bakin katanga suke tsayawa, amma na yi sa'a wurinsa kusa yake, ana hango shi sarai.

Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri.

Ƙanenki,
Tofazzal

Shimultola, ƙarshen damina

Tofazzal,

Wa'alaikumus salam, don amsa sallama wajibi ne. Lafiyarmu ƙalau, in marar uba yana da lafiya. Tarinka kuwa, Allah ya sawwaƙe, amma ban ga abin da ya kawo shi cikin takardar mutuwar ubana ba.

Takardarka ta same ni ina shanya shinkafa. Ta kwana a hanya har ta gaji, ta yadda ranar da na fara kuka, ku a can kun manta ma an yi mutuwa. Wa ya ba ka izini? Wa ya ce ka binne shi a garin da ba shi da ko kaza? Mutumin nan, ranar da zai tafi Dhaka bayan kogi ya cinye gonarsa, ya kama hannuna ya kai ni bayan gida, gindin dabinon da uwata take kwance. Ya dangwala sandarsa a gefenta ya ce, "Jobeda, nan ne nawa. Ko a tukunya ne a dawo da ni." Duk ƙauyen nan ba wanda bai san wannan magana ba. Kai da ka zauna da shi ɗaki ɗaya za ka ce ba ka taɓa ji ba?

Ka ce jirage ba sa tashi. Kwalekwalen da ya kai shi maƙabarta, hanyar gida ce bai sani ba? Da kifin ilish ne mai tsada, da kun nemo ƙanƙara kun san yadda kuka yi da shi. Amma tsoho ne da ƙarfinsa ya ƙare, sai a tura shi rami mafi kusa a koma harka.

Sannan don rainin hankali ka ƙara mini da tatsuniya, wai ana tone Musulmi a sa wani a kansa. Ni ce zan yarda da wannan? Na karantar da 'yan mata Alƙur'ani a tsakar gidan nan tun kafin ka fara gemu. Na gane nufinka: ka tsorata ni in zo da gudu in durƙusa in yi maka godiya, a ce an shirya.

To ka ji da kyau. Kada ka ƙara kirana Bubu, ba ni da ƙane a Dhaka. Zumuncin da sai an hau bishiya ake hango shi, a kai kasuwa. Wallahi tallahi ƙafata ba za ta taka gidanka ba, kuma in ka riga ni mutuwa, ba zan tsaya a kan kabarinka in ɗaga hannu ba.

Jobeda 'yar Sobhan

Dhaka, farkon sanyi

Jobeda Bubu,

Sallama da gaisuwa. Bubu zan ci gaba da kiranki, don ba ke kika raɗa mana zumuncin ba balle ki soke shi. Ina fata kun samu amfanin gona. Rokeya lafiya, tana fita masana'antar ɗinki tun da duhu-duhu, ta dawo ƙafa a kumbure. Na tarina ba zan faɗa ba, tunda ya ɓata miki rai.

Na karanta takardarki, na ajiye, na sake karantawa, sannan na ga gara in huce kafin in ɗauki alƙalami. Ban huce ba, amma ga amsa.

Na san wasiyyar Baffa. Ya faɗa mini ita ya fi a ƙirga, musamman in ya ƙoshi. Amma ke da kike zaune gindin dabino, kin san nisan kogin Meghna a cikin ambaliya? Kin san abin da zafin damina yake yi wa gawa a kwana biyu? So kike in ɗauko ubanki a buɗaɗɗen kwalekwale, in kawo miki abin da ba za ki iya kallo ba, ko kuma mu kife a tsakiyar kogi kifi ya raba mu? Shekarun da ya yi a ɗakina, kan tabarmar da ni da matata muka matsa muka ba shi, ban ga takardarki tana tambayar abin da ya ci ba. Yanzu da ya mutu ya zama na zinariya.

Maganar kabari kuwa, rashin sani ya fi dare duhu. Garin da kika sani a bakin mutane ba shi ne wannan ba. Kogi ya kewaye shi ta ko'ina, ba shi da wurin miƙe ƙafa, kuma kullum asuba jirage suna zazzage mutane a Sadarghat. Fadamun da muke kama kifi muna yara, yanzu bututu ake jawowa daga kogi a feso musu yashi, kafin yashin ya bushe an kafa bene. Inda aka yi shinkafa bara, bana injin ɗinki ne yake kuka a wurin. Ana wannan wa zai bar wa matacce fili?

Ni ma ban so ba. Na tambayi tsohon da ke kula da maƙabartar, na ce, "Baba, yanzu ba za a bar bawan Allah ya kwanta ba?" Ya tofar da jan miyaun ganyen pan da yake taunawa ya ce, "Ɗana, masu rai ma kwanan karɓa-karɓa suke yi a garin nan. Na dare ya tashi, na rana ya hau gadon. Matattu ne za su fi su gata?" Ya ce layi-layi suke bi, in sun kai ƙarshe su dawo farko. Abin da aka samu na ƙashi a tattara shi gefe guda cikin ramin da mutunci, a kwantar da sabo, a cire tsohon suna. Sai in dangi sun yi mutuwa a kan kari, to, su an yarda su sa nasu a wurin, sunan ya zauna.

Ban ce ki zo gidana ba. Gidan ma ɗaki ɗaya ne da rufin kwano, ba a yi masa rantsuwa. Ki sauka a Sadarghat, ki hau keken riksha, ki tsaya wa ubanki, ki juya. Damina ɗaya ta riga ta tafi.

Tofazzal

Shimultola, bazara

Tofazzal,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Na ƙi amsa maka ne da gangan, kada ka ɗora wa gidan waya laifi.

Abin da ya sa na fasa shiru shi ne Jolil mai kai kwakwa Dhaka ya dawo. Yana sauke kaya ya ce, "Jobeda, albishirinki, kwalekwalen Baffa ya yi aure!" Na ce wane irin iskanci ne wannan da rana tsaka? Ya ce ai an shafe shi da fenti ja da kore, an zana masa furanni da ɗawisu, an shimfiɗa darduma, an kafa lema. Wai kai ne a bayansa da sabuwar riga, kana yawo da Turawa 'yan buɗe ido, suna toshe hanci da hankici suna ɗaukar hoton baƙin ruwa. Har wai kana nuna musu jan gidan sarautar nan na bakin kogi kana gwaranci da hannu kamar mai kiran agwagi. Mutanen da ke wurin suka yi ta dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Ashe shi ya sa aka yi saurin binnewa. Kwalekwalen da ya ɗauki gawar ubana, shi ne yau abin wasan baƙi. Ba gadon nake nema ba, ci ka ƙoshi. Amma da ka bari ƙasar kabarinsa ta bushe.

Na kuma lura da yadda kake ta cusa mini zancen masana'antar matarka. Tun da Jolil ya buɗe baki, Moyna ba ta da zance sai Dhaka, wai sa'o'inta duk suna can suna ɗinka wa Turawa riguna, suna sayen man shafawa. Na gano dabarar. In na taho ganin kabari ba zan bar budurwa ita kaɗai a gida ba, dole in taho da ita, in ta ga fitilu kuma shi ke nan. Garinku ya ci ubana yana lasar baki, yanzu 'yata yake so. Ku nemi wata.

Na je wurin limaminmu da maganar tone kabari. Ya ce shi dai bai taɓa gani ba. Uwata tana nan inda muka sa ta tun Moyna tana goye, ba wanda ya ce ta matsa. Haka Musulmi suke yi. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

Jobeda

Dhaka, farkon damina

Bubu,

Gaisuwa. Rokeya lafiya. Ni kuwa likita ya ce in na koma majema in tafi da likkafanina, shi ya sa na bari.

E, na yi wa kwalekwalen fenti. Tun da aka gama gada masu fito suka ragu, kowa ya gwammace ya hau mota. Turawa kuwa ba a ɗora su a kan katako mai warin kifi. Suna zuwa da sanyin safiya, in zaga da su su ga masu fasa tsofaffin jirage, da masu wanki, da inda ruwan rini yake fitowa shuɗi yau, gobe ja. Abin da mu muke kawar da kai a kansa, shi suke so. In kunya ce wannan, ita muke ci da shinkafa.

Wa kike zato ya fara ɗaukarsu? Baffa ne. Yakan ce, "Tofazzal, waɗannan mutane kuɗi ya yi musu yawa har sun rasa abin kallo sai wahalarmu. To mu nuna musu da kyau." Wata Baturiya da ya taɓa ɗauka ta dawo bana tana nemansa da hotonsa a hannu. Da na gaya mata ya rasu ta yi hawaye, ta ba ni. Ga shi nan na sa miki. Ita daga bayan teku ta zo.

Moyna kuwa, ki riƙe abarki. Ba a rasa 'yan mata a ƙofar masana'anta ba, har korarsu ake yi.

Limaminku bai taɓa gani ba don bai taɓa zuwa ba. Gani ya kori ji. Damina ta biyu ke nan ta kama, Bubu. Ni na gaji da roƙonki a kan ubanki.

Tofazzal

Kan madatsar ruwa, gabas da Shimultola, kaka

Tofazzal,

Salamu alaikum. Da rai dai muna nan, ni da Moyna da akuya ɗaya.

Zan faɗa maka wani abu, kuma ban yarda ka ce komai a kai ba. Ko "ai na faɗa" ka rubuto, zan sa takardar a murhu.

Meghna ta ci Shimultola. Ba a rana ɗaya ba. Ta fara da gonakin yamma, ta ci masallaci, ta ci makaranta, muna ji gaɓa tana faɗawa ruwa tim, tim, kamar ana sauke buhuna. Maza suka kwance mana kwanon rufi da ginshiƙai muka kwaso. Ranar da ta iso bayan gidanmu ina tsaye. Ƙasa ta tsage tsakanina da dabinon, ya karkata a hankali kamar mai ruku'u, ya tafi da uwata a gindinsa. Har da wurin da ubana ya dangwala sanda. Na yi ihu har muryata ta dushe, ba wanda ya waiwayo, don kowa da nasa matattun da suke tafiya.

Kada ka ɗauka wannan ya wanke ka. Ba ka san kogi zai zo ba ranar da ka yanke hukunci kai kaɗai. Sa'a ce ka taka, ba hikima ba.

Hoton ya iso kafin mu tashi. Sun ɗauke shi ba riga, haƙarƙari a waje, yana dariya da wawulo, don a kai ƙasarsu a ce ga talakan Bangala. Na yi niyyar mayar maka. Yana cikin Alƙur'anina.

A nan kan madatsa akwai wata mata da mijinta ya mutu a Dhaka. Na tambaye ta zancen kabari, a kaikaice, ba don na yarda da kai ba. Ta ce ita ta je a shekara ta uku ta tarar da sunan wani mai gyaran keke. To. Ko maƙaryaci yakan yi gaskiya ranar da ya manta.

Zan zo, amma sai an gama girbi. Ina yi wa mutane sussuka ana biyana da shinkafa, in na tafi yanzu ba mu da abin ci har bazara. Ka gaya wa tsohon maƙabartar nan ya jira. Rantsuwata tana nan daram, ba gidanka zan zo ba. Ka rubuto mini sunan ƙofar da zan tsaya kawai.

Jobeda

Dhaka, farkon sanyi

Bubu,

Sallama. Kin hana ni magana a kan Gwaggo, mahaifiyarki, to ban ce komai ba, sai Allah ya jiƙanta. Wannan ba ki isa ki hana ni ba.

Ki yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yinsa. Kwalekwalen yana ɗaure, lokacin Turawa ne kuma, wasu suna kwashewa.

"Ka gaya masa ya jira." Kin ɗauka mai shagon ƙauyenku ne? Rokeya ta kai ni a riksha ranar Juma'a. Sun gama layin da ke gaban na Baffa. Sabuwar ƙasa ja har kusa da gorar da na kafa. Na roƙi tsohon, ya ce, "Ɗana, ni ba na kiran gawa, zuwa take yi. Sanyi ya shigo, tsofaffi suna zuba. Zan tsallake shi sau ɗaya, sau biyu, daga nan ba ruwana." Ba a fafe gora ranar tafiya, Bubu. Ki bar sussukar nan. Shinkafar da za ki rasa, Rokeya ta ce za ta auna miki daga tamu, ta miƙa miki a titi tunda ba kya shiga gida.

Ƙofar arewa ce, wadda masu sayar da furanni da turare suke zama. Ki bi katanga ta hannun dama har inda bulo ya faɗi. Daga nan za ki gan shi.

Ban san inda takarda take samunku yanzu ba, na rubuta Shimultola don ita na sani. Ki taho ranar da ta same ki. Taurin kan nan naki ba a ƙasa kika tsince shi ba, na zauna da mai shi, amma shi ya san lokacin da ake kwance igiya.

Tofazzal

Dhaka, ƙarshen sanyi

Zuwa ga Jobeda 'yar Sobhan.

Assalamu alaikum. Ni ce Rokeya, matar Tofazzal. Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma na san ki sarai, don ni ce nake ganin fuskarsa duk ranar da takardarki ta zo. Ina fata kina lafiya, kuma an gama sussuka lafiya. Na ba Jolil mai kwakwa wannan ya kawo miki hannu da hannu, tunda ta ƙarshe shiru muka ji.

Tofazzal ya rasu ranar Litinin bayan azahar. Tarin nan ne da kika ce ba ki ga abin da ya kawo shi cikin takarda ba.

Ba ta'aziyya nake nema a wurinki ba. Saƙo ya bari, ni kuma ba na cin amanar mamaci, ko da wadda za a kai wa saƙon ba ta cancanta ba.

Tun da ya aika miki takardar nan, kullum jirgin kudu ya yi ƙaho a Sadarghat sai ya ce in leƙa. Na ce, "Wa zan leƙa? Matar da ta rantse ba za ta taka nan ba?" Ya ce, "Leƙa dai, wataƙila tana tsaye a titi tana zagina." Tsohon maƙabarta ya tsallake Baffa sau biyu kamar yadda ya yi alkawari, sannan ya aiko cewa gawa ta gaba nan za ta shiga.

Ranar Lahadi Tofazzal ya kira ni. Kin san mahaifinsa yana da wuri a ƙauyensu, kan tudu, inda ruwa bai taɓa zuwa ba, kuma 'yan'uwansa sun riga sun ce za su ɗauki mota su kai shi in ta faru. Ya ce, "Rokeya, kada ki bari su kai ni gida. Ki ce a sa ni wurin Baffa." Na ce, "Ka haukace? Ka bar gefen ubanka inda za ka kwanta har tashin ƙiyama, ka shiga ramin haya?" Ya ce, "In baƙo ya shiga, za su cire sunan. In ni ne, dangi ne, za su bar shi. Ta samu damina biyu kuma." Na ce, "Matar da ta kira ka maƙaryaci?" Ya yi dariya har tarin ya turnuƙe shi, da ya lafa ya ce, "Ai ni da Baffa mun saba matsuwa a ɗaki ɗaya."

Na yi faɗa da yayyensa a kan gawarsa saboda ke. Sun ce na raba shi da iyayensa, sun tafi ba su ci abincina ba, kuma ban ga alamar za su dawo ba. Yanzu na san yadda ake ji in an binne mutum inda danginsa ba su so ba, kuma na san yadda ake zagin wanda ya yi.

Maza sun ce da aka buɗe, an tattara Baffa gefen dama da mutunci, aka kwantar da Tofazzal. Kwanon yana nan, an ƙara suna ɗaya a ƙasan na farko.

To ga shi nan. Kabarin ubanki bai ɓata ba. Amma kin rantse ba za ki tsaya a kan kabarin mijina ki ɗaga hannu ba, kuma yanzu tudu ɗaya ne. Ke malama ce, sai ki san yadda za ki raba addu'arki ta sauka a kan ɗaya ta tsallake ɗaya.

Rokeya

Kan madatsa, ranar da Jolil ya iso

Rokeya,

Wa'alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina fata kina cin abinci. Ki ci ko ba kya so, masana'anta ba ta san takaba ba.

Takardarsa ta ƙarshe ta zo, amma bayan ta yi yawon neman ƙauyen da babu shi. Ita da taki rana ɗaya na karɓe su. Na fara karanta tasa, na miƙe ina haɗa kaya ina masifa, ina cewa wa ya ce masa ina son shinkafarsa. Sannan na buɗe taki.

Duk abin da kika faɗa mini na ji, kuma ba zan rama ba, don kina cikin takaba. Ki adana sauran, in na zo ki ƙarasa a gabana.

Amma mijinki ɗan rainin hankali ne har ya mutu. Sau biyu ke nan yana yanke hukunci a kan kabarin ubana ba tare da ya tambaye ni ba. Wa ya roƙe shi? Wa ya ce ya bar tudun ubansa saboda ni? Ya ci kwalekwalen, ya ci ɗakin, yanzu ramin ma sai da ya kutsa. Ya san sarai abin da na rantse, ya je ya kwanta daidai inda ba ni da hanyar kaucewa.

Ba ni da abin ciyar da miskinai goma, ni ce miskiniyar. Azumin kaffara zan yi, na ɗauki niyya daga gobe. In na gama zan hau jirgin Alhamis, mu iso Sadarghat da safiyar Juma'a. Ina tafe da Moyna, don ba ni da inda zan bar ta, kuma kada ki kuskura ki nuna mata ƙofar masana'antarku. Na riƙo miki ɗan mazarƙwailar dabino, na bishiyar wasu ne, namu yana cikin kogi.

Ki tarye mu. Ba sai kin nuna mini hanya ba, na haddace: ƙofar arewa, hannun dama, inda bulo ya faɗi. In mun isa ki ja Moyna ku matsa can wajen masu furanni. Zan gaisa da ubana tukuna. Sannan akwai maganganun da zan gaya wa ƙanena, masu yawa, ba masu daɗi ba. Wannan karon ba zai rubuto amsa ba, kuma wallahi wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Jobeda Bubu